Turakun Wayar Salula da Lafiyar Maƙwabtansu

1. Asalin Maganar

Tun daga watan Agusta na 2001, sa'ad da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, wani sabon gini ya shigo birane da ƙauyuka wanda kakanni ba su san shi ba. Shi ne dogon ƙarfen nan mai fentin ja da fari, wanda a ke kafawa a tsakiyar unguwa, ko a bayan kasuwa, ko a gefen makaranta, a kewaye shi da shinge, a ajiye masa injin wuta da mai gadi. Mutanen gari su kan ce masa ƙarfen sabis, masu karanta labarai a rediyo su kan ce turken sadarwa, waɗansu kuwa su ce hasumiya. A wannan takarda turke za a riƙa ce masa, domin a jikinsa wayoyin unguwa duka su ke ɗaure, ko da ya ke ba a ganin igiyar.

Ba a daɗe da fara kafa turakun ba sai magana ta bazu cewa zama kusa da su yana jawo ciwon daji, da rashin haihuwa, da ɓarin ciki, da ciwon kai. A Turai da Amurka ma an yi wannan magana, tun kafin ta iso nan. A 2020 har ta kai aka ƙone turaku da dama a Ingila, saboda jita-jitar cewa sabon tsarin nan na 5G shi ke yaɗa cutar korona, alhali kuwa cutar ta shigo Nijeriya a 2020, 5G kuwa sai a 2022 aka fara sayar da shi ga jama'a a ƙasar.

Maganar ba ta wasa ba ce. Mai filin da kamfani ya nemi haya a wurinsa yana son ya san ko iyalinsa ya ke sayarwa. Shugaban makarantar da aka kafa turke a bayan katangarta, iyayen yara za su zo su tambaye shi. Ƙauyen da ya hana a kafa turke don tsoro kuwa, ranar da mai naƙuda ta bukaci mota da dare, ba a samun hanyar kiran kowa. Saboda haka ya kamata malamai su san abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba, tun da su a ke fara tambaya.

2. Abin da Ke Fitowa Daga Turke

Ƙarfen kansa ba ya fid da kome, matattakala ce kawai. Abin da ke aiki shi ne eriyoyin da a ke ɗaurawa can sama, masu kama da dogayen akwatuna farare. Galibi guda uku a ke sa wa turke, kowace ta fuskanci kashi ɗaya cikin uku na kewayen gari. Abin da su ke aikawa kuwa igiyoyin rediyo ne, irin waɗanda James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi a 1865 cewa lalle akwai su, Heinrich Hertz kuma ya tabbatar da su a ɗakin gwaji a ƙasar Jamus a 1887 da 1888. Da su gidan rediyon Kaduna ya ke watsa shirye-shiryensa tun 1962.

Igiyoyin rediyo, da zafin da a ke ji daga garwashi, da hasken da ido ke gani, da hasken da a ke ɗaukan hoton ƙashi da shi a asibiti, duka dangi ɗaya ne, kuma gudunsu ɗaya, watau wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa. Abin da ya raba su shi ne yawan kaɗawarsu. Rediyon FM yana kaɗawa sau miliyan 88 zuwa 108 a daƙiƙa. Wayar salula ta farko da aka kawo Nijeriya tana aiki da miliyan 900 da miliyan 1,800, 5G ɗin da aka kawo kuwa da miliyan 3,500. Hasken fitila, wanda kowa ke zama a gabansa, kaɗawarsa ta ninka ta wayar miliyan 900 fiye da sau dubu ɗari biyar. Hasken hoton ƙashi ya wuce nan da nisa ƙwarai.

Dalilin da ya sa yawan kaɗawa ya zama abin lura shi ne, ƙarfin waɗannan igiyoyi yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma nauyin kowace ƙwaya yana bin yawan kaɗawar. Ƙwayar hasken hoton ƙashi tana da ƙarfin da za ta tsinke sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, daga irin wannan tsinkewa kuwa ciwon daji ya kan samo asali. Ƙwayar igiyar waya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu ɗari na ƙarfin da a ke bukata don wannan tsinkewa ba. Misalinsu kamar harsashi ne da gero. Harsashi guda ya kan huda ƙofa, amma ko buhu nawa na gero aka yi ta watsa mata, ba ƙwayar da za ta shige.

A nan akwai abin da ya shafi masu nazarin harshe. A Turanci kalma ɗaya ce ta haɗa igiyar rediyo da abin da bam ɗin Hiroshima ya zubar a 1945, masu fassara kuwa su kan juya ta da "tururi", wani lokaci har su ƙara "mai guba". Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da a ce tun farko an raba sunayen biyu a Hausa, da rabin tsoron bai samu wurin zama ba.

Abin da aka tabbatar igiyar rediyo tana yi wa jiki, in ta yi ƙarfi, shi ne ɗumama shi. Da wannan hikima na'urar ɗumama abinci ta ke aiki, tana tara ƙarfi mai yawa a cikin ɗan akwati rufaffe. Don haka tambayar da ta rage ita ce, nawa ne daga ƙarfin turke ya ke isowa jikin maƙwabci?

3. Yadda Ƙarfin Ya ke Raguwa

Eriyar turke ba ta watsa ƙarfinta ko'ina daidai. Tana tura shi gaba ne, kamar yadda fitilar mota ta ke haska hanya ta bar ƙarƙashin motar cikin duhu. An karkata ta ƙasa kaɗan, don haka tsakiyar ƙarfin ba ya taɓa ƙasa sai ya yi tafiyar mita 50 zuwa 300. Shi ya sa gidan da ke gindin turke sau da yawa abin da ya ke samu bai kai na gidan da ke can gaba ba. Kwanonin nan masu kama da ganga da a ke gani a jikin turke kuwa, da wani turke su ke magana a can nesa, ba su fuskantar gidaje.

Sa'an nan ƙarfin yana raguwa da sauri in an yi nisa. In nisa ya ninka biyu, ƙarfi ya kan koma rubu'i, in ya ninka goma, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Ga misali da lissafi. A ɗauki eriya mai wat 20, wadda ta tattara ƙarfinta waje guda har ya ninka sau 50, ya zama kamar wat 1,000. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar hanyar igiyar a nisan mita 100, abin da zai sauka a kan murabba'in mita ɗaya a inda ya ke wat 0.008 ne. Rana tsaka kuwa, abin da hasken rana ya ke saukewa a kan wannan murabba'in mita wajen wat 1,000 ne. In mutumin yana cikin ɗaki, bango da rufi sun ƙara rage abin da ya iso shi.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. Wayar da ke hannu ita ma eriya ce, ƙarfinta bai wuce wat 2 ba a tsohon tsari, amma a jikin kunne ta ke. Saboda kusancin nan, abin da kai ya ke sha daga waya lokacin magana ya ninka abin da ya ke sha daga turke sau ɗaruruwa ko fiye. Har ila yau an ƙera waya yadda in turke yana kusa za ta rage ƙarfinta, in yana nesa ta ƙara, kamar mutumin da ya ke ɗaga murya don ya kira na nesa. Watau mai yawan magana a waya da ke zaune nesa da turke ya fi shan igiyar bisa ga wanda ke kusa. Unguwar da ta kori turke don ta rage igiya, tana iya ƙara wa kunnuwan mutanenta ne.

4. Iyakar da Masana Suka Sa

A 1992 aka kafa wata hukuma ta masana daga ƙasashe daban-daban, wadda a ke taƙaita sunanta ICNIRP, don ta tsara iyakar abin da ya halatta jiki ya sha. Ta fid da ƙa'idodinta a 1998, ta sabunta su a 2020. Ga yadda ta yi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa in jiki duka yana shan wat 4 a kan kowane kilo na nauyinsa har wajen rabin sa'a, zafinsa ya kan ƙaru da misalin digiri ɗaya. Sai aka raba wannan gida 10 aka ba ma'aikata masu hawa turaku, watau wat 0.4, aka raba shi gida 50 aka ba sauran jama'a, watau wat 0.08, domin a cikinsu akwai jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Jikin mutum da kansa, yana zaune bai yi aikin kome ba, yana samar da zafin wajen wat 1 a kowane kilo.

In aka juya wannan iyaka zuwa abin da a ke iya aunawa a fili, ƙa'idar 1998 ta ba da wat 4.5 a murabba'in mita ga igiyar miliyan 900, da wat 9 ga ta miliyan 1,800. Mutumin misalin da ya gabata, mai wat 0.008, bai kai kashi ɗaya cikin 500 na iyakar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta buɗe shiri na musamman kan wannan al'amari a 1996, ta bayyana a watan Mayu na 2006 cewa awon da aka yi a ƙasashe ya nuna abin da jama'a ke sha daga turaku yana tsakanin kashi 0.002 da kashi 2 cikin ɗari na iyakar. Wurin da a ke iya wuce iyaka shi ne 'yan mitoci a gaban fuskar eriya, can sama inda ba mai zuwa sai ma'aikaci, ko kuwa a kan rufin bene in a nan aka ɗora eriyar.

Waɗansu ƙasashe, kamar Suwizalan, sun sa iyaka mai tsanani fiye da wannan a wuraren kwana da makarantu. Sun yi haka ne bisa ga rigakafi, ba don an gano cuta a ƙasa da iyakar ba. A Ingila ma kwamitin Sir William Stewart, a rahotonsa na 2000, bai sami shaidar cewa turaku suna cutar da maƙwabta ba, amma ya ba da shawara kada tsakiyar ƙarfin eriya ya sauka a filin makaranta sai da yardar makarantar da iyaye.

5. Binciken Ciwon Daji

Masu tsoron turaku suna da hujjojin da su ke kafawa, kuma ya kamata a duba su da adalci. Ta farko ita ce, a watan Mayu na 2011 masana 31 daga ƙasashe 14 sun taru a cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa, suka sa igiyoyin rediyo a rukunin 2B, watau abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Ma'anar wannan rukuni ita ce akwai ɗan alamu, amma bai isa a yanke hukunci ba, domin ba a iya kawar da yiwuwar kuskure ko dace ba. Alamun kuma daga masu riƙe waya a kunne suka fito. Babban binciken da aka yi a ƙasashe 13, mai suna Interphone, wanda aka buga a 2010, bai ga ƙaruwar ƙarin ƙwaƙwalwa ga masu waya gaba ɗaya ba, sai dai ga kashi ɗaya cikin goma da suka fi kowa magana, masu sa'a 1,640 zuwa sama. Ko a nan ma masu binciken sun yi shakka, domin mara lafiya aka tambaya ya tuna yawan wayar da ya yi shekaru da suka wuce. Game da igiyar da ke zuwa daga turaku da gidajen rediyo, taron Liyon ya ce shaidar ba ta isa a ce kome ba.

Hujja ta biyu ƙananan bincike ne, kamar wanda waɗansu likitoci suka yi a garin Naila na Jamus a 2004, suka ce ciwon daji ya fi yawa ga mazauna cikin mita 400 daga turke. Rauninsu shi ne mutanen kaɗan ne, kuma nisa aka dogara da shi a maimakon a auna abin da kowane mutum ya sha, ga shi kuwa an riga an nuna nisa ba ya nuna yawan igiya. Ba a kuma tace sauran dalilai da kyau ba, kamar shan taba da irin sana'a. Ban da wannan, cuta ba ta rabuwa daidai a cikin gari. Wanda ya watsa dintsin gero a kan tabarma zai ga wani wuri ya taru, wani wuri fayau, ba tare da wani dalili ba. Tun da turaku sun cika ko'ina, dole a sami unguwar da masu ciwo suka taru kusa da ɗayansu.

Hujja ta uku ta dabbobi ce. A 2018 wata hukumar gwamnatin Amurka ta ba da sakamakon gwajin da ta yi a kan ɓeraye, inda aka sa su cikin igiya wajen sa'a 9 kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya kai wat 6 a kilo, watau ninki 75 na iyakar jama'a. An ga wani irin ƙari a zuciyar waɗansu mazan, ba a gan shi haka a matan ba, kuma mazan da aka sa cikin igiyar sun fi waɗanda ba a sa ba tsawon rai. Wannan sakamako na cikin abin da ya sa a 2019 masu ba cibiyar Liyon shawara suka ce a sake duba maganar.

A ɗaya gefen kuwa akwai bincike masu faɗi. A 2010 Paul Elliott da abokan aikinsa a Landan suka gwada yara 1,397 'yan ƙasa da shekara biyar masu ciwon daji da yara 5,588 masu lafiya, suka duba yadda gidajen iyayensu mata su ke da turaku lokacin da su ke da ciki, ba su ga bambanci ba. A 2024 kuma wani ayarin masana ƙarƙashin Ken Karipidis na Ostireliya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin, ya tace bincike 63 da aka buga daga 1994 zuwa 2022. Bai sami alaƙa tsakanin waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, ko ga waɗanda suka shekara goma suna amfani da ita, haka kuma bai sami alaƙa tsakanin turaku da sankarar jini ko ta ƙwaƙwalwa ga yara ba.

6. Ciwon Kai da Rashin Barci

Akwai mutanen da su kan ce tun da aka kafa turke a unguwarsu barci ya ƙaurace musu, kai yana sara, jiki ya mutu. Ba ƙarya su ke yi ba, suna jin abin da su ke faɗa. Don a gane mafarin ciwon, masana suka shirya gwaji. A kan sa mutum a ɗaki mai eriya, wani lokaci a kunna, wani lokaci a kashe, shi bai sani ba, mai lura da shi ma bai sani ba. A 2010 James Rubin da abokansa a Landan suka tara irin wannan gwaji guda 46 da aka yi a kan mutum 1,175. Abin da ya fito shi ne, mutanen ba su iya gane lokacin da aka kunna fiye da mai cinta ba, kuma ciwon ya kan taso musu in sun zaci an kunna, ko da a kashe ta ke. Fargaba kanta tana hana barci, tana kawo ciwon kai. Irin wannan mutum likita ya ke bukata ya duba shi sosai, domin hawan jini ko ciwon ido ko zazzaɓi na iya ɓuya a bayan zargin turke har ya yi nisa.

7. Haɗarin da Ba a Cika Faɗa Ba

Turakun ƙasar nan sun bambanta da na Turai a abu guda, watau da yawansu da injin dizal su ke aiki dare da rana, saboda rashin tsayayyar wutar lantarki. Ita dai cibiyar Liyon ɗin nan, a watan Yuni na 2012, ta sa hayaƙin injin dizal a rukuni na 1, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na huhu. Ƙarar injin tana hana barci ba tare da bukatar wata fargaba ba. Man da ke tsiyaya daga tanki, da baƙin man da a ke zubarwa in an yi juye, suna iya bin ƙasa su ɓata rijiyar maƙwabta. Turken da ba a kafa da kyau ba, ko wanda tsatsa ta ci aka yi watsi da shi, iskar farkon damina tana iya kayar da shi a kan gidaje. Dogon ƙarfe kuma yana jan aradu, sai an haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata. Wanda ya tsaya gardamar igiya ya manta da waɗannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Hukumomi biyu ne ke da hannu a wannan. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya a ƙa'idodinta na 2009 ta sa tazarar mita 5 tsakanin turke da gidan maƙwabci, hukumar kula da muhalli ta NESREA kuwa a dokarta ta 2011 ta sa mita 10, har saɓanin ya jawo jayayya tsakaninsu. Amfanin irin wannan tazara ya fi komawa ga hayaƙi da ƙara da zafin inji, domin igiyar ta saman kai ta ke wucewa.

8. Abin da Ya Kamata a Koyar

Malamin da ɗalibai ko iyaye suka tambaya yana iya gaya musu cewa, bayan bincike na fiye da shekara talatin, ba a tabbatar igiyar da ke isowa gidaje daga turke tana jawo wata cuta ba, kuma ƙarfinta yana ƙasa da iyaka da nisa. Ya kuma gaya musu cewa masana ba su rufe littafin ba, musamman game da waya a kunne da gwajin dabbobi. Wanda ya ke son ya rage abin da ya ke sha, daga wayarsa zai fara: ya sa abin saƙalawa a kunne ko ya buɗe lasifika, ya guji doguwar hira inda sabis ba shi da ƙarfi, ya rage wa yara.

Mutanen unguwar da za a kafa wa turke kuwa, tambayoyin da za su amfane su su ne, mita nawa ne tsakaninsa da gida mafi kusa, ina bututun hayaƙi zai fuskanta, an yi wa tankin mai daɓen da zai tare tsiyaya ko ba a yi ba, ina rijiya ta ke, wane ne zai riƙa duba lafiyar ƙarfen, kuma wa za a kai wa kuka in wani abu ya faru. Suna da damar su nemi a zo da na'ura a auna ƙarfin igiyar a gabansu bayan an kunna, a rubuta musu adadin, a ajiye takardar a wurin mai unguwa.